Ranar da Latif Ya Hana a Auna Tirelarsa

Akwai wani direban tasi a unguwar Morris Heights da ke Bronx, sunansa Latif, ɗan zangon Kumasi. Mutum ne mai sakin hannu, amma fa in aka taɓo maganar hanya, kowa ya zama ɗalibinsa. A ganinsa babu lungun New York da tayarsa ba ta taka ba.

A bazarar 2016 mahaifiyarsa, Hajiya Damata, ta kawo masa ziyara karon farko. Don ya burge ta, sai ya sayo tsohuwar tirela, irin ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, da gado da murhu a ciki. Har ya sa aka kafa na'urar sanyaya ɗaki a kan rufin, saboda tsohuwa ba ta jimirin zafi. Niyyarsa ya kai ta bakin wani tabki a arewa da gari, ta huta da hayaniya.

To, a benensu akwai wani dattijo, Baba Muniru. Shi ke wanke gawa a masallacin unguwa, shi ke yanka likkafani, kuma tef ɗin awo ba ya barin aljihunsa. In zai gaishe ka, sai ya dube ka tun daga hula har takalmi, a hankali. Shi ya sa ake raɗe-raɗin wai auna mutum yake yi. Ƙatti masu gemu sukan bar masa lifta su bi matakala.

Ranar tafiya gari ya waye da hazo da yayyafi. Hajiya na ciwon baya, sai Latif ya ce ta kwanta a gadon tirelar. Matarsa Najat ta ce doka ta hana mutum ya zauna ciki ana ja.

"Wa zai gan ta?" in ji shi.

Hajiya ta shiga ke nan, ta miƙe a gado, sai Latif ya ji wani sauti a bayansa, shuuu. Ya waiwaya. Baba Muniru ne tsaye a jikin tirelar, daidai tagar da tsohuwa take kwance, yana jawo tef.

Jikin Latif ya yi sanyi, sannan zuciya ta ɗebe shi.

"Baba, me kake aunawa? Uwata ce a ciki!"

"Tsayi nake dubawa," dattijon ya ce, idonsa na sama. "Ka ɗora abu a kan rufi. Kuma da ka ɗaura ta a mota, gabanta ya ɗaga. A auna daga ƙasa zuwa ƙarshen akwatin sanyin can, ka san inda za ka wuce."

"Wanda ya sayar min ya ce ƙafa goma ce. Don Allah ka mai da tef ɗinka aljihu. Nan babu mai mutuwa."

Hajiya ta leƙo ta taga. "Latif, ka bar bawan Allah ya auna mana. Me zai rage ka da shi?"

"Mma, wannan tef ɗin ba zai taɓa abin da kike ciki ba."

Baba Muniru ya saki tef ɗin, tef ɗin ya naɗe da kansa ya koma cikin gidansa. Ya dubi Latif daga sama har ƙasa, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Suna hawa babban titi suka tarar da cunkoso. Latif ya ja tsaki, ya karkata zuwa wata tsohuwar hanya ta ƙananan motoci, wadda ya sani kamar tafin hannunsa.

"Wannan ba parkway ba ce, hanyar ƙananan motoci kaɗai?" in ji Najat. "Ai ba a shiga da tirela."

"Kullum nan nake bi. Ke dai ki zuba ido."

Gaskiyarsa, kullum nan yake bi, amma cikin tasi. A duk shekarun nan bai taɓa ɗaga kai ya dubi gadojin da yake wucewa ƙarƙashinsu ba.

Hanyar ta yi tsit. Bishiyoyi sun rufo ta dama da hagu, hazo ya kwanta a kan kwalta. Babu babbar mota ko ɗaya, babu bas. Wata mota ta zo daidai su, matar da ke ciki ta manna fuska a gilashi, bakinta yana motsi ba a jin komai, tana nuna sama da yatsa. Ta wuce, hazo ya haɗiye ta. Can sai ga wata, shi ma direban yana nuna sama.

"Latif, tsoro nake ji," Najat ta ce.

Shi ma tsoron yake ji, kuma duk lokacin da ya dubi madubi sai ya ga kamar akwai mutum tsaye a gefen hanya, hannu a aljihu. Amma girman kai ya hana shi tsayawa.

Gadar farko ta fito daga cikin hazo, baƙa, ta dutse. Suka shige lafiya. Latif ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kin gani ko?"

Sai ya koma layin dama don masu hon su wuce. Bai tuna cewa bakin waɗannan gadoji a lanƙwashe yake kamar baka ba, tsakiya da tsawo, gefe a ƙasa. Gada ta biyu ta taso. Ya hango allon rawaya mai lambar tsayin gadar, ya hango farar ƙujewa a jikin duwatsun, inda wasu suka riga shi. Ya karanta lambar sarai. Tsayin abin da yake ja ne bai sani ba.

Ya taka birki, amma kwalta a jiƙe take.

Ƙarar ta yi kamar an kifar da tukwanen duniya gaba ɗaya. Bayanta kuma shiru.

Latif ya fita da gudu yana kiran "Mma! Mma!" Rufin tirelar ya yaye zuwa baya kamar murfin gwangwani. Na'urar sanyin ta faɗo ta lotsa ƙarshen gadon, tazara kaɗan da inda ƙafafunta suke. Hajiya Damata tana zaune a ƙasa, yayyafi na sauka a fuskarta, jini na bin kunnenta. Idonta a buɗe, amma ba shi take kallo ba, sama take kallo.

Ya durƙusa yana kuka kamar yaro. Sai da aka jima ta juyo, ta ce a hankali, "To yanzu ka san tsayinta?"

Allah ya yi da sauran kwana. Ta tashi, sai dai kunnen nan bai sake ji ba. Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba, ta ma ce ta yafe. Amma duk ranar da ya buɗe mata ƙofar mota, sai jikinta ya kama rawa, ta ja da baya.

Ranar komawarta Kumasi, tasin wani baƙo ta shiga zuwa filin jirgi. Latif, direban da ya san kowane lungu, ya bi su a baya a hankali, da akwatunan uwarsa a kujerar da ya kamata ta zauna.

Darasi: Kada tsoron mai gargaɗi ko raina shi ya hana ka jin abin da ya faɗa. In za ka ja tirela, ka auna ta a ɗaure da mota, a ƙasa mai daidai, har zuwa abu mafi tsawo a kan rufi. Kada ka bi hanyar da aka hana, kada kuma ka sa mutum a ciki. Ku tura wa direbobinmu, wataƙila mahaifiyar wani ce za ku ceta.