Mijin da Ya Amsa Tambayar da Ba Tasa Ba

Akwai wata baiwar Allah, mai ɗinki ce, muƙamuƙinta ya ƙage. Shekara biyu cokali ma da kyar yake shiga bakinta. In za ta yi magana sai ka kawo kunne kusa, shi ya sa mijinta ya zama bakinta ko'ina.

Da aka sa ranar yi mata aiki, sai aka ɗebi jininta. Likita ta daɗe tana kallon takardar.

"Akwai wani abu a jininki da kan sa jini ya daskare a jijiya. Wani lokacin wucewa yake yi, wani lokacin kuwa da gaske yake. Kin taɓa yin ɓari?"

Uku ta yi, kuma ba wanda ta manta. Ta fara motsa leɓe, mijin ya riga ta.

"Ko ɗaya. Likita, baki muka kawo gyara, me ya kawo maganar ciki?"

Likita ta dube ta. "Haka ne?"

Matar ta saci kallon mijin, ta ga ya haɗe rai. Ta gyaɗa kai.

A mota ta ce, "Maigida, da mun faɗa."

"Mu tona cikinmu gaban baƙi, kuma a ɗaga aikin? Bar ni da su."

Aiki ya yi kyau, aka sallame ta. Kwana biyar, ƙafarta ta hagu ta kumbura suntum, numfashi ya gagara. Ashe gudan jini ne ya taso daga ƙafa ya toshe huhu.

Aka mayar da ita asibiti, kwananta tara da robar iska a hanci. Da ta farfaɗo, likita ta maimaita tambayar ɓarin. Mijin ya gyara murya, uwarta da ta zo jinya ta daka masa tsawa: "Kai, rufe mana baki! Jikinka ne?"

"Uku," in ji mai ɗinki.

Likita ta ajiye biro. "Da na ji wannan, da allurar kariya na ba ki tun farko."

Ta rayu, 'ya'yana, amma huhun bai koma daidai ba. Matakalar gidansu goma sha biyu ce, sai ta zauna sau biyu kafin ta kai sama. Shi kuma yana tsaye a bayanta riƙe da jakarta, ya kasa haɗa ido da ita.

Darasi: In likita ya tambayi mara lafiya, ku bar mai jikin ya amsa, ko da yatsa zai nuna. Abin da kuke ɓoyewa don kunya, jini bai manta da shi ba. Ku tura wa masu raka mutane asibiti, musamman masu saurin baki.