Malam Birki da Bel ɗin da Yake Ɗaura wa Kujera

Akwai wani malamin koyar da tuƙi da ake kira Malam Birki. Shekara talatin yana zama a gefen masu koyo, ƙafarsa a kan birki na biyu da ake sa wa motar makaranta. Shi da bakinsa yake cewa ya taɓa taka birkin nan har kazar da ke tsallaka titi ta juyo ta yi masa godiya. Ban ga kazar ba, amma na ga mutanen da suka rantse sun ji labarin.

Duk ɗalibin da ya shiga motarsa, karatun farko shi ne ɗaura bel. Malam ba ya wasa da wannan. Sai dai shi nasa bel ɗin yakan zagaya da shi ta bayan kujera ya maƙala, don motar ta daina yi masa ƙara, sannan ya zauna a kai. Kujerar dai kullum a ɗaure take, babu abin da zai same ta.

Hujjarsa ita ce malami dole ya zama a sake, don ya iya cafke sitiyari idan ɗalibi ya nufi bango. In an matsa masa sai ya daki cinyar ƙafar da yake taka birki da ita ya ce ai ga bel ɗinsa nan.

Ana nan sai matar wansa ta zo koyon mota. Nas ce da ta yi ritaya, ta kusa sittin, kuma yawancin aikinta a ɗakin da ake kai waɗanda suka yi haɗari ta yi shi. Idon mijinta ya yi rauni, likita ya hana shi tuƙi, ga shi duk mako sai an kai shi asibiti. Motarsu na ajiye a gida an rufe ta da tampol. Abin da take nema lasisi ne, kuma ba za a yi mata gwaji ba sai Malam Birki ya sa hannu a takardar cewa ta ƙware.

Tun ranar farko ya gargaɗe ta cewa a cikin mota Malam za ta riƙa ce masa. Ta ce ta ji, Auta. Lokacin da aka kawo ta gidansu yana ɗan shekara shida, ita ta riƙa yi masa wanka, saboda haka maganar ba ta yi nisa ba.

Sati huɗu suna zagaya filin makaranta tsakanin tsofaffin tayoyi. A nan ba ta ce masa komai ba game da bel, don gudun da take yi ko mai tura baro zai wuce ta. Ranar da za su fara hawa titi ne ta gyara madubi, ta ɗaura nata, ta ɗora hannu biyu a cinya.

"Tayar mana, Yaya Nas."

"Sai ka ɗaura."

Ya nuna mata cewa motar ba ta ƙara, alamar komai daidai. Ta ce ita ba da mota take magana ba. Ya kawo zancen shekara talatin. Ta ce waɗanda ake kawo mata a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, da yawansu sun fi shi shekaru a tuƙi, kuma babu wanda ya fito daga gida da niyyar zuwa wurinta.

Malam ya duba agogo. Ya ce awa ɗaya gare ta, ko ta yi tuƙi ko ta zauna, kuma wanda bai hau titi ba ba ya samun sa hannu.

Ta zauna. Awa ɗaya cur, mota a tsaye, rana tana dukan rufi. Da lokaci ya cika ta kwance bel, ta ce a gaida iyali, ta tafi neman motar haya.

Washegari ma haka. Wannan karon ta zo da ruwan sha da abin fifita, har ta miƙa masa. A gida mijinta ya roƙe ta ta ƙyale Auta da halinsa, tunda takarda suke nema. Ta ce takardar tana so, amma ba za ta tuƙa ƙaninsa zuwa inda ta bari da ritaya ba.

A rana ta uku sauran malamai suka fito da benci inuwa suna kallo. Ɗaya ya leƙo ta taga ya tambayi Malam Birki ko sabon darasi ne, na koyon fakin. Wani ya ce a'a, motar ce take kwanci, nan da kwana ashirin da ɗaya za ta ƙyanƙyashe.

Malam ya yi gumi har ya gaji. Ya miƙa hannu baya, ya kwance wa kujera bel ɗinta, ya ɗaura a ƙirjinsa yana kallon wani wuri.

"Na yau kawai," in ji shi.

"Na yau nake nema," ta ce, ta murɗa makulli.

Ta yi tuƙi lafiya. Ta wuce shataletale, ta ba da hannu inda ya kamata, mota ba ta mutu mata ko sau ɗaya ba. Malam yana neman abin gyarawa bai samu ba, sai ya ce ta cika riƙe sitiyari kamar za a ƙwace mata.

A kan gangaren da ke bayan kasuwa ne tifar yashi ta taho musu ta baya, birkinta ya tsinke. Direban yana ta ham, amma babu wurin kaucewa. Hannu ɗaya mutane ne tsaye suna jiran mota, ɗaya hannun kuma ramin ruwa. Nas ta karkata wajen ramin. Tifar ta daki gefen bayansu, motar ta juya, ta hau gefen titi, ta kife.

Da ƙura ta lafa, ga su nan a rataye kai ƙasa. Malam har lokacin yana danne da birkinsa da dukkan ƙarfinsa, tayoyi kuwa suna sama suna ta juyawa.

"Auta, saki birkin. Mun tsaya."

Ta kashe injin. Ta sa ya motsa yatsun hannu da na ƙafa, ta tambaye shi ranar da ake ciki, ya faɗa daidai. Ta ce ya dafa rufi da hannu kafin ya kwance bel. Karon farko a rayuwarsa ya bi maganar ɗalibi ba gardama.

Mutane suka janye su ta taga. Babu jini, babu karaya. Direban tifar ma ya samu ya tsayar da ita a cikin tulin ƙasa can ƙasan gangare, ya taho da gudu yana salati.

Duk abin da ba a ɗaure ba a cikin motar ya fita ta gilashin gaba. Fulas ɗin shayin Malam a tsallaken titi aka tsinto shi, ya lotse kamar an taka gwangwani. Malam ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya daɗe yana kallo.

Wata mai sayar da lemo ce ta kawo fayil ɗinsa, duk ya yi laka. Ya zaro takardar Nas, ya goge ta da hannun riga, ya ari biro a wurin wani ɗan kallo. A jikin motar da ke kife ya dafa ya sa hannu.

Duk da haka sai da Nas ta ja shi asibiti aka duba su biyun, don ta ce wani ciwon ba ya nuna kansa a ranar farko. Bayan sati biyu ta ci gwaji. Yanzu ita ke kai mijinta wurin likita, a hankali, masu keke suna wuce su suna gaisuwa.

Shi kuwa Malam Birki ya samu sabon labari. A bakinsa motar sau uku ta wuntsila, daga baya ta koma bakwai. Jiya da na zauna da shi ta kai goma sha ɗaya, kuma wai shi ne ya yi kwana uku yana fama da matar wansa kafin ta yarda ta ɗaura bel. Na bar shi ya gama, don yana ba ni labarin ne a cikin mota, bel ɗin kuma yana kan ƙirjinsa.

Darasi: Ƙwarewarka tana iya da motarka ne kawai, ba ta iya da wadda ke tahowa a bayanka. Ka ɗaura bel a jikinka, ba a jikin kujera ba, kuma kada ka ji nauyin tsayawa sai na kusa da kai ya ɗaura, ko da ya fi ka sanin mota. Ku tura wa wannan ɗan'uwan naku da ya iya tuƙi fiye da kowa. Kun san shi.