Maraƙin da Aka Kai Huɗa Kafin Lokacinsa

Akwai wani manomi da yake da shanun huɗa guda biyu. Da rani sai ɗaya ya mutu, ya bar ɗan'uwansa shi kaɗai a turke, garmar shanu kuwa ba ta jawuwa da sa ɗaya. Gonar mutumin babba ce, kuma daga cikinta gidansa yake ci har shekara ta zagayo.

Yana da wani maraƙi ɗan shekara ɗaya da 'yan watanni, wanda ya sha dusa da harawa har jikinsa ya wuce shekarunsa. Duk wanda ya bi ta ƙofar gidan sai ya tsaya ya ce, "Kai, wannan ai ya zama sa!" Mutumin ya ji maganar sau da yawa, har ya gaskata ta.

Da ruwan shuka ya sauka, ya ɗauko karkiya, wato icen nan da ake ɗora wa shanu a wuya, ya haɗa maraƙin da tsohon sa. Kawunsa Nomau, wanda ya tsufa a bayan garma, yana zaune a gindin ɗorawa yana kallonsa.

Ya ce, "Ɗana, ina za ka da yaron nan?"

"Gona, Kawu. Wane yaro? Dubi tozonsa fa."

"Na ga tozo. Ya taɓa jan ko da gungume?"

"Zai koya a can."

Tsohon ya ce, "Mu dai yadda muka taras, shekarar farko yawo ake sa shi, ya bi babba a gefe ba kaya. Ta biyu ya ja gungume. Sai ta uku yake ganin garma."

"Kawu, ruwa ba zai jira ni shekara uku ba."

"Gaskiyarka. Allah ya ba da sa'a."

Da suka isa gona, maraƙin ya yi taku goma a miƙe, mutumin har ya fara shirya abin da zai faɗa wa kawunsa. Sai maraƙin ya hango ɗanyar ciyawa a hagu, ya nufe ta, kunyar huɗar ma ta bi shi. Mutumin ya tsaya, ya kama kunnensa, ya yi masa bayani dalla-dalla a kan gajartar damina, da yawan bakunan da ke gida, da irin dusar da aka ciyar da shi. Maraƙin ya saurara da natsuwa, sa'an nan ya miƙa harshe ya kama bakin malafar mutumin ya fara tauna.

Kashegari mutumin ya yanko tsumagiya. Aiki ya yi sauri ƙwarai, sai dai kunyoyin sun fito kamar sawun maciji. A rana ta uku maraƙin ya kwanta a tsakiyar gona, duka bai tashe shi ba, tsawa ma haka.

Kawu Nomau ya iso da sandarsa. Mutumin ya ce masa, "Taurin kai ne kawai. Ya san aikin sarai. Shekaranjiya taku goma ya yi a miƙe, da idona na gani."

Tsohon ya ɗaga karkiyar. Fatar wuyan ta sale, ƙudaje sun riga sun samu labari.

Ya ce, "Wannan taurin kan naka yana zubar da jini. Taku goma shi ne duk abin da yake da shi, ya kuwa ba ka. Kai ne ka nemi gona guda. In ka matsa, mai yiwuwa ka gama huɗar bana da shi. Baɗi sai ka nemi mahauci."

Mutumin ya dubi gonar, ya dubi maraƙin. Sa'an nan ya kwance igiyar.

A shekarar, da garmar hannu ya yi huɗa. Rabin gonar ya iya, sauran ciyawa ta gaje shi, rumbu bai cika ba, malmalar tuwo ta ƙanƙance a gidan. Daga nan ya bi tsarin kawunsa, sai dai an samu ƙarin aiki: da maraƙin ya hango karkiya sai ya tsinke igiya. Rani guda aka yi ana lallashinsa kafin ya yarda a taɓa masa wuya. Daga baya ya zama san huɗa na kirki, har ana zuwa aronsa. Amma har ya tsufa, in mutumin ya ɗaga hannu don ya share gumi, sai san ya zabura.

Ma'anar misalin ba ta da zurfi, ga ta. Manomin mu ne, iyaye. Maraƙin shi ne yaro ɗan shekara uku zuwa biyar. Girman jikin da ya ruɗi mutumin kuwa shi ne bakin yaro. Ya iya surutu, ya haddace waƙoƙin coci, yana ba baƙi amsa su yi dariya, sai mu ɗauka hankalin ma ya kai inda bakin ya kai. Bai kai ba. Masana lafiyar yara sun ce sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke sa mutum ya jira, ya danne fushi, ya tuna abin da aka hana shi, shi ne na ƙarshen nuna, kuma ba ya kammala sai an haura shekara ashirin. Wanda ya taɓa zama a taron dattawan coci yana iya ganin kamar sun rage lissafin.

Saboda haka idan kin ce wa Tabita 'yar shekara uku, "Ajiye kofin, ki wanke hannu, ki ɗauko takalminki, ki kira yayanki," ta tafi ta dawo riƙe da kyanwa, ba raini ba ne. Saƙo ɗaya ko biyu kanta yake ɗauka, sauran sun zube a hanya. In ta yi abu daidai jiya, yau ta kasa, ba yaudara ba ce, taku goman ke nan. Haka kuma idan muka dasa yaro a benci awa biyu, muka ce ko motsi kada ya yi, mun ɗora masa abin da mahaifinsa yake cim ma ta hanyar gyangyaɗi.

Dogon bayani ba ya shiga. Duka yana shiga, amma abin da yake koyarwa shi ne tsoron hannu, yaron da ke cikin tsoro kuwa ba ya koyon komai sai hanyar tsira. Wannan darasi shi ne ya fi wuyar gogewa.

Kada wani ya fita ya ce an hana tarbiyya. Tsohon bai ce a saki maraƙi ya shiga gonar mutane ba. Igiya tana nan, iyaka tana nan, "a'a" tana nan, kuma a riƙe ta yau kamar yadda aka riƙe ta jiya. Abin da aka ce shi ne a bi tsari. Yaro ya yi tafiya a gefenku yana ganin yadda kuke yi, gama da ido yake koyo fiye da kunne. A ba shi ƙaramin aiki da ya yi daidai da shi, ya ɗauko cokali, ya watsa wa kaji tsaba. A bar shi ya yi wasa, domin wasa shi ne makarantarsa. In ya faɗi ƙasa yana ihu, a bari guguwar ta wuce kafin a yi magana, kuma maganar ta zama gajeriya. Za ku faɗi abu ɗaya sau ɗari. Haka aikin yake, ba lalacewa ya yi ba.

Wannan hanya tana da tsada. Za a makara zuwa sujada, kunu zai zube a kan kayan Lahadi, maƙwabta za su ce kun sangarta yaro, gama maƙwabta ba sa rasa ra'ayi. Amma a cikinmu akwai waɗanda Ubangiji ya yi shekara arba'in yana jira su koyi riƙe harshensu, bai kuwa fasa ba su abinci ko kwana ɗaya ba. Yaron da ke gidanku shekara huɗu kawai ya yi a duniya.