Fitilar Barmo Mai Rediyo

Ku gyara zama, ga wata na kawo muku, kuma babu Gizo a cikinta. A ƙarshe gardama za ku yi, saboda haka duk wanda ya san zai yi magana ya saurara tun yanzu, ko da yake na lura a dakalin nan ba a cika haɗa biyun ba. Magana ce a kan wani tsoho da 'ya'yansa uku, da gidan wanda za a kai shi ya ƙarasa sauran kwanakinsa.

Tsohon sunansa Barmo, ana ce masa Barmo Mai Rediyo. A zamaninsa, in rediyonka ya yi shiru wurinsa za ka kai, ya buɗe bayansa, ya sunsuna, ya ɗiga dalma a wani lungu, sai ka ji ana labaran duniya. Da mutane suka daina gyaran abu suka koma jefarwa, sana'ar ta bar shi, ido ma ya bi ta a hankali. Matarsa ta rasu. Ya rage shi kaɗai a gidan ƙasa mai faɗin tsakar gida, ɗakinsa a wannan kusurwa, rijiya da wurin alwala a waccan. An yi an yi ya koma wurin ɗaya daga cikin 'ya'yan, ya ce shi ba buhun masara ba ne da za a riƙa canza masa rumbu.

Babban ɗansa Rayyanu malamin kimiyya ne a sakandare. Mai bi masa, Tasi'u, kafinta ne a can ƙarshen gari. Autarsu Bara'atu tana aure a gidan da ke jikin katangar uban ta baya. Dukansu cikin ƙaurin dalma suka tashi, kuma ko da yake babu wanda ya gaji sana'ar, kowannensu in ya ga matacciyar tocila sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi.

Bara'atu ce take zagayowa kowace asuba da tocila, ta riƙe hannun Baba daga ƙofar ɗaki zuwa bakin rijiya, ta jira ya yi alwala, ta mayar da shi. Wutar lantarki a unguwar baƙuwa ce, takan leƙo ta gaisa ta wuce. Da haihuwa ta gabato mata, ta san za ta shiga jego ba fita, sai ta tara yayyenta ta ce a haɗa wa Baba fitila mai jin motsi, wadda za ta kama da kanta in ya fito, ta mutu in ya koma.

Suka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan wata Asabar. Rabon da a gan su su ukun a tabarma ɗaya tun zaman makokin uwarsu.

Rayyanu ya zo da zane da kayan haɗi: 'yan ƙwayayen fitila farare irin na cikin tocila, da transisto da rizisto irin na cikin rediyo, da kuma idon abin, wani ɗan farin kumburi kamar rabin ƙwan zabuwa, wanda yake jin ɗumin jiki in ya gitta ta gabansa. A bayan idon akwai 'yar kusa da ake murɗawa da sukudireba, ita ke yanke tsawon lokacin da fitila za ta zauna a kunne bayan motsi ya ɗauke.

“Yaya, wannan zanen naka ai sai an kira wani malamin ya fassara mana,” in ji Tasi'u.

“Kai dai liƙa inda na nuna maka. Ja da ja, baƙi da baƙi. Ba ƙofa kake bugawa ba.”

Baba yana gefe a kujerarsa ya ce, “Tasi'u, dalmar nan ta yi yawa.”

“Haba Baba, ai ba ka gani.”

“Ina jin ƙaurinta.”

Bara'atu ta yi dariya har sai da ta dafe ciki. Ita ta kawo batura da ta ciro daga tsofaffin fitilun caji, ta gwada su ɗaya bayan ɗaya da mitar Baba, ta ware masu rai, ta haɗa su da ɗan faifan sola da ta ɗora a kan katangar da ke tsakaninta da shi, inda hannunta zai kai ta goge shi daga cikin gidanta.

Da magariba ta yi aka gwada. Rayyanu ya tashi daga ƙofar ɗakin Baba ya taka zuwa rijiya, fitila ta kama, aka yi shewa. Don kada batir ya riƙa ƙarewa a banza, ya murɗa 'yar kusar nan ya rage lokacin, ya sake takawa, ya sake ragewa, har ya zo daidai da tafiyarsa, da ɗan ƙari na ladabi. Tafiyar kuwa ta mutumin da ya saba makara zuwa aji ce. Ba wanda ya ce Baba ya tashi ya taka a gani. Ba a tayar da uba daga kujera don gwajin wasan yara.

Ba a yi mako ba aka gano awakin gidan sun fi Baba amfani da fitilar. Suna bin gindin katanga tana kamawa, kafin asuba batir ya yi sanyi. Tasi'u ya zo da tsani, ya sa kayan cikin robar man shafawa don kada ruwa ya shiga, ana yi masa dariya, ya kafa doguwar gora, ya ɗaga fitilar sama da katanga, ya karkata idon yadda zai ga ƙofar ɗaki ya ga bakin rijiya, amma ba zai ga gindin katanga ba. Awaki suka koma duhunsu. Abin da ba a lura ba, hanyar Baba ma ta gindin katangar take bi, domin da ita yake dafawa, kuma a nan ne magudanar ruwa ta ratsa.

Bara'atu kuwa ta sami abin da ba ta nema ba. Tun da aka ɗaga fitilar, daga tagar ɗakinta tana hango ta. In ta kama, Baba ya fito. In ta mutu ta sake kamawa, ya isa rijiya. Ta yi arba'in, ta fita jego, amma asuba da jariri ba wasa ba ce, ga fitila kuma tana aikinta. Sai gaisuwar asuba ta koma leƙe ta taga. Da hantsi takan zo da koko.

To, kowace asuba fitilar takan kama in Baba ya fito, ta raka shi har ya shiga inda idon ba ya gani, ta jira gwargwadon tafiyar Rayyanu, ta mutu. Baba yakan ƙarasa rabin hanyar a duhu, yana lalube.

Bai gaya wa kowa ba. Rayyanu ɗan fari ne, Baba ko sunansa bai taɓa kamawa ba, “wancan na makaranta” yake ce masa, balle ya zauna ya gyara masa lissafi a gaban ƙannensa. Tasi'u ya hau tsani ya sauko har ya gurje gwiwa. Bara'atu in ta ji, gobe za a gan ta da goyo cikin raɓa. Ban da haka, tun da aka kafa gorar nan yaran suke zuwa duk Asabar wai duba fitila, su zauna su yi musu a tabarma. In an tambaye shi, “Baba, ya fitila?” sai ya ce, “Tana ƙoƙari.” Suka ɗauka yabo ne, domin daga bakin Barmo wannan ma ba a cika samu ba.

Damina ta yi nisa, gansakuka ta kama bakin magudana. Wata asuba ana ruwa Baba ya fito, fitila ta kama, ta mutu inda ta saba mutuwa, ƙafarsa ta zame. Ƙugu ya karye. Ya yi kira, amma muryar tsoho da ruwa a kan kwano, kun san wanda zai yi nasara.

Sai dai mutumin ya san kayan da aka haɗa. Ya ja jiki da gwiwar hannu cikin taɓo har ya fito daga gindin katanga zuwa inda idon yake gani, ya ɗaga hannu ya kaɗa. Fitila ta kama. Ya sauke, ta mutu. Ya sake ɗagawa.

Bara'atu tana shayarwa tana kallon taga. Ta ga ta kama ta mutu, ta ce Baba ya fito. Ta sake kamawa, ta ce ya isa. Ta mutu ta kama, ta mutu ta kama. Ta ce ko akuya ce, sai ta tuna an raba awaki da fitila. Ta ce ko batir ne, sai ta tuna jiya da hannunta ta gwada shi. Ta miƙa wa maigidanta jaririn, ta fita ko mayafi babu.

A asibiti likita ya ce da tsohon ya kai hantsi kwance cikin ruwan nan, da irin ƙirjin da yake da shi, da wata maganar ake yi. Rai ya tsira. Tafiya ce ba ta dawo ba, kuma zaman kaɗaici ya ƙare.

Yanzu ku duba da kyau.

Rayyanu ne ya gajarta lokacin, ya auna tsoho da ƙafar mai ƙarfi, shi ya sa fitilar ta mutu a tsakiyar hanya. Amma da ya bar lokacin da tsawo, da Baba ya kaɗa hannu fitilar ta zauna a kunne ɗam, kamar ta mai alwala a natse, Bara'atu ta gyara wa jaririnta kwanciya ta koma barci. Gajartar ce ta sa fitilar ta riƙa ƙiftawa. Kuma ba don zanensa ba, da babu fitilar ma.

Tasi'u ne ya ɗaga ta ya karkata idon, ya bar gindin katanga a makance, daidai inda magudana take. Amma da ya bar ta ƙasa inda aka fara sa ta, da ta yi ta ƙiftawa har rana ta fito, katanga ta tare, ba mai gani sai awaki. Kuma liƙin da aka ce dalmarsa ta yi yawa, da robar da aka yi wa dariya, su suka hana ruwan damina kashe ta.

Bara'atu ce ta kawo shawarar tun farko, ita ce kuma ta bar fitila ta gaje ta bayan uzurinta ya ƙare. Da hannunta na cikin nasa a asubar nan, da bai faɗi ba. Amma ita ta riƙe batir da rai duk tsawon damina, lokacin da rana ke rowa, kuma a duk garin idonta kaɗai ne a kan gorar. Fitila ko ta shekara tana ƙiftawa, ba ta ɗaukar mutum ta kai asibiti.

Ranar da za a sallame shi suka tsaya a bakin gadon, kowa ya riga ya share ɗaki a gidansa.

Rayyanu ya ce, “Baba, ni na kayar da kai. Wurina za ka zauna.”

“Yaya, kusa kawai ka murɗa,” in ji Tasi'u. “Ni na makantar da hanyar. Ɗakina ba tudu ba gangare, na ma fara yi masa abin dafawa.”

Bara'atu ta ce, “Ku kun yi kuskure sau ɗaya. Ni kullum asuba nake sabunta nawa. Ku bar mini shi.”

Baba ya saurare su har suka gaji. Sannan ya ce, “Ikon Allah. Da ina da ƙafa ba a yi rububina haka ba.” Ba wanda ya yi dariya, sai shi. “Ni dai ba zan je gidan kowa don ya wanke laifinsa da ni ba, ni ba sabulu ba ne. Ku kai ni gidan wanda ya cece ni.”

“Wane ne, Baba?”

“Da na sani da na faɗa. Ina kwance a taɓo, ban ga kowa ba sai fitila.”

Ya juya fuska bango, wai barci yake ji.

An ce tun Baba yana kwance a asibiti, wata yamma Rayyanu ya biya ta gidan shi kaɗai, ya hau tsani ya murɗa 'yar kusar har ƙarshe. Tasi'u ya zo bayansa, bai san an zo ba, ya sauko da idon ya daidaita shi da gindin katanga. Bara'atu har yanzu tana goge faifan sola. Fitilar ba ta taɓa aiki da kyau kamar yanzu ba: akuya in ta gitta, sai ta haska mata hanya tun daga ƙofar ɗaki har bakin rijiya, ta kuma jira ta.

Ga tsoho a gadon asibiti an ɗaure masa kaya, ga mai mota yana jira a waje, ga ɗakuna uku a share. To, ku da kuka iya magana: tsakanin Rayyanu da Tasi'u da Bara'atu, wane ne ya cece shi, gidan wa za a ce wa direba ya nufa?