Kwandon da Ya Nutse

Akwai wani mutum mai koya wa ɗaliban wata kwaleji ƙwallon kwando. Shekara goma sha biyu yana wannan aiki, yana kuwa ƙaunarsa da dukan zuciyarsa. A filinsu na gida, ɗalibansa ba sa kuskure, in sun jefa goma, tara za su shiga. Amma da zarar sun je gasa a wani gari, sai ƙwallo ta riƙa dukan bakin kwando tana dawowa.

Abin ya ɗaure masa kai. Ya canza 'yan wasa, ya canza takalma, ya hana su cin tuwo kafin wasa, har ya fara zargin direban motarsu. Ya yi addu'a, ya yi faɗa, ba abin da ya sauya. Sai shugaban kwalejin ya ce masa, “Jibi zan zo in ga wasan ɗalibanka da idona. In ban gamsu ba, zan nemi wani.”

Washegari wani tsoho mai walda, Baba Istifanus, ya zo gyaran ƙofar filin. Ya ɗaga kai ya dubi kwandon, ya jawo igiyar awonsa.

Ya ce, “Malam, ƙarfen kwandon nan naka ya nutse. Kowace damina ƙasa tana ɗan haɗiye shi. Ya gaza da taƙi guda. In ɗaga maka?”

Malamin ya dubi kwandon. Ashe shekara da shekaru yana koya musu jifa a kwandon da babu irinsa ko'ina! In an ɗaga yau, gobe za su sha kunya a gaban shugaba. In an bari, gobe a tafa masa.

Malamin ya auna abin a ransa. Can ya ce, “Ɗaga shi, Baba.”

Da shugaban ya zo, cikin jifa goma, biyu kawai suka shiga. Aka sallami malamin. Bayan shekara guda ɗaliban nan suka ciwo kofi, yana zaune cikin 'yan kallo, yana dariya yana share hawaye.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Kwandon shi ne ma'aunin da muke auna kanmu da shi. Ba ya faɗuwa rana ɗaya, a hankali yake nutsewa, mu kuwa muna ta murna muna cewa mun iya. Igiyar awon ita ce Maganar Allah. Ranar da ta nuna maka ka gaza, za ka bari a ɗaga, ko tafin gobe ya fi maka?