Asalin Gahawar Tasalla

An yi wani sarkin kasuwa a tsaunin Mambila da ya kafa doka, duk buhun gahawar da ba a tabbatar ɗan gida ba ne, a ƙwace. Ya tare Tasalla, tsohuwar manomiya, da buhunta guda.

Ya ce, "Iya, kawo shaidar cewa kowace ƙwaya nan aka haife ta."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da ita, ka ƙwace kawai. Waɗanda ka ƙwace makon jiya don baƙi ne, ga su can rumfar ƙanenka da hatiminka na 'yan gida. Ashe kwana biyu a ɗakinka ke ba gahawa asali. Jibi sai in dawo in ɗauki nawa."

Jama'a suka juya suna kallon rumfar. Sarkin kasuwa ya buga mata hatimi har sau biyu.