Makin Shekarar Ƙarshe

A wani gari, shekarun baya, an yi wani mutum, bawan Allah, ana ce masa Ɗayyabu. Ya gama jami'a da digiri mai daraja ta uku. Shekarunsa na farko shiririta ya yi, sai a ta ƙarshe ya farga, ya dage, ya ci maki mai kyau, amma tuni jimillar makinsa ta faɗi.

Ya yi yawon neman aiki har ya gaji. Ya kai takarda nan, shiru. Ya kai can, shiru. Mahaifiyarsa ta daina tambaya ma, kallonsa kawai take in ya shigo, kuma kallon nan ya fi tambayar ciwo.

Da wani kamfani ya buɗe gurbi, sai ya tafi shagon Haladu mai buga takardu, a sabunta masa takardar neman aiki da kuke kira si-bi. Haladu ya duba sakamakon, ya tsuke baki.

"Malam, wannan jimillar ce ke kashe ka. Mu rubuta makin shekarar ƙarshe kaɗai, kada mu ce na wace shekara ne. Ai naka ne, ba ƙarya muka yi ba."

Ku saurara, jama'a. Shaiɗan bai cika zuwa da ƙarya tsirara ba. Gaskiya yake gutsurowa ya miƙo maka.

Wallahi Ɗayyabu ya so. Amma sai ya ce, "Mai karantawa zai ɗauka jimilla ce?"

"Ai abin da ake so ke nan."

"To rubuta duka biyun, kowanne da sunansa."

Aka kira shi intabiyu. Wani dattijo cikin masu yi masa tambayoyi ya ce, "Me ya same ka a farko? Rashin lafiya?" Kun ga ƙofa an buɗe masa. Ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, wasa na yi."

Na san kuna jira in ce an ɗauke shi. Ba a ɗauke shi ba. Wani aka ba.

Ya koma gida jiki a mace, ya gaya wa tsohuwar komai. Ta ce, "Da ka ɓoye, da ka samu?" Ya ce, "Wataƙila, Inna." Ta share ido, ta turo masa kwano. "Ci. Ni dai ba za ka ciyar da ni da wancan ba."

To, darasin a fili yake: gaskiyar da aka yanke don a ruɗi mutum ƙarya ce, kuma albashin da ta jawo shi iyalinka za su ci har ka yi ritaya. Rubuta abin da ka samu, ka nuna inda ka gyaru, ka bar wa Allah saura.

Ni na gaji, 'yan'uwa. Kullum kuna kawo mini takardunku in tofa musu addu'a. Kafin ka miƙo, karanta taka tukuna. In akwai layin da kake fata kada a tambaye ka a kansa, je ka gyara, sannan ka dawo mu roƙi Allah tare.